Ka sayar da kadara, ka ciwo sabon rance, ko ka biya a hankali? Zaɓin mai neman fita daga bashi a Sakkwato

Wanda bashi ya yi wa katutu, idan ya kai kukansa majalisa, shawara uku zai ji. Wani zai ce ya sayar da filinsa ya huta. Wani zai ce ya je banki ya karɓo dunƙulallen rance ya sallami kowa, ya san mutum ɗaya ke bin sa. Na ukun zai ce kada ya taɓa komai, ya lallaɓa da albashinsa har Allah ya yanke. Kowannensu yana faɗin abin da ya ga ya yi wa wani aiki ne, kuma kowace daga cikin hanyoyin nan ta taɓa fitar da wani, ta kuma taɓa dulmiyar da wani. Abin da ke raba su tambaya biyu ce da ba kasafai ake yi ba: wannan bashin yana ƙaruwa da kansa ko yana tsaye? Wannan kadarar tana ciyar da gida ko tana kwance?

Ba sai an yi dogon bayani kan yadda aka iso nan ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin shekarar aka rufe iyaka, harkar Illela da Ƙonni ta tsaya cik na tsawon watanni. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Dama tun 2022 rahoton wannan hukumar kan talauci mai fuskoki da yawa ya sa jihar Sakkwato a sahun gaba, da kusan mutum tara cikin goma. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, amma buhun shinkafa ya riga shi isa can. Don haka yawancin bashin da ke wuyan mutanenmu na cefane ne, da na asibiti, da na kuɗin makaranta, da na biki da suna. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya shiga ba shi kaɗai ba ne.

Domin kwatancen ya fito fili, mu ƙaddara wani magidanci ma'aikaci, kuma duk alƙaluman da za su biyo baya na misali ne. Albashinsa naira 140,000. Banki na cire 35,000 duk wata na wani tsohon rance, saura wata goma, wato 350,000. Ya ci 80,000 a manhajar rance ta waya, wadda ke ɗora masa kashi 15 cikin ɗari duk wata, wato 12,000. Mai shagon unguwa na bin sa 70,000 na kayan abinci. Kawunsa ya ranta masa 250,000 lokacin da aka yi wa matarsa aiki. Jimilla 750,000. Gidansa na cin 90,000 a wata idan an matse. Abin da ke saura a hannunsa 15,000 ne, manhaja ta lashe 12,000 ba tare da uwar kuɗin ta motsa ba. Yana da babur da yake zuwa aiki da shi, yana kuma ɗan taɓa kabu-kabu da yamma. Yana da raguna biyu a turke, da fili a bayan gari da zai yi miliyan ɗaya da rabi.

Hanyar sabon rance ita ta fi jan hankali, domin ita kaɗai ke kawo sauƙi a rana ɗaya ba tare da an rabu da komai ba. Kuɗi su shigo da safe, kafin la'asar mutum ya sallami mai shago da kawu, ya share manhaja, ya kwana da sanyin rai. Matsalar tana fitowa ne idan aka ɗauki biro. A ce magidancin nan ya karɓi 400,000 a wani ƙaramin banki kan kashi 4 cikin ɗari duk wata na shekara guda, ana lissafa ruwan a kan cikakkiyar uwar kuɗi. Ruwan kowane wata 16,000 ne, na shekara 192,000. Zai mayar da 592,000, wato sama da 49,000 a wata. A haɗa da 35,000 na tsohon rance, an cire masa fiye da 84,000 daga 140,000. Saura ƙasa da 56,000 ga gidan da ke cin 90,000. Kafin wata na biyu ya ƙare ya koma gaban mai shago da littafi sabo. Mafi muni, bashin 320,000 na mai shago da na kawu, wanda ba ya ƙaruwa da ko sisi, ya mayar da shi mai ruwa da hannunsa. Ga Musulmi kuma akwai abin da ya fi asarar kuɗi nauyi, domin haramcin riba a bayyane yake a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma fita daga riba ɗaya ta hanyar shiga babbarta ba fita ba ce.

Akwai wani bambanci da masu ba da rance ba sa son tsayawa a kansa, kuma ya kamata kowa ya san shi ko da ya riga ya shiga. Wani ruwan ana lissafa shi a kan kuɗin da aka karɓa tun farko har ranar ƙarshe, wani kuma a kan abin da ya rage bayan kowane biya. Rancen 500,000 kan kashi 5 a wata na shekara guda, a lissafin farko ruwansa 300,000 ne. A lissafi na biyu bai kai 180,000 ba. Kashi 5 ɗin nan aka ambata a duka biyun, amma tazarar ta wuce 120,000. Saboda haka tambayar da za a yi wa ma'aikacin banki ita ce: "Yallaɓai, nawa za su shigo asusuna, kuma nawa zan biya gaba ɗaya?" Ya rubuta amsar a takarda, da kuɗin cike takardu da na inshora da tarar jinkiri.

Sannan a sani cewa zamanin a ci a banki ɗaya a sulale zuwa wani ya wuce. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke bai wa bankin da ke bin mutum bashi damar ɗebe kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da lambarsa ta BVN, muddin ya sa hannu kan wannan izinin lokacin karɓar rance. Mutane da yawa da suka ɗauki rancen korona na 2020 a matsayin rabon gwamnati ta wannan hanyar suka wayi gari an taɓa musu ajiya. Ga kuma kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, inda sunan wanda ya gaza biya ke zama yana jiran ranar da zai nemi rancen jari na gaskiya.

Wasu na cewa to a je bankin Musulunci. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, kuma samuwarsu alheri ne ga mai son sayen babur, injin niƙa ko kayan shago. Amma tsarin murabaha ciniki ne: banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. Ba a gina shi don a miƙa wa mutum tsabar kuɗi ya biya tsohon bashi ba. Daga nan ne wasu ke faɗawa wata dabara da ni dai ban ga mai kyau a cikinta ba: a karɓi babur ko buhunan shinkafa bashi da tsada, a juya a karyar da su a kasuwa don a sami kuɗi a hannu. Wanda ya karɓi kayan 600,000 ya sayar 480,000, ya yi asarar 120,000 tun bai fara biya ba.

Inda sabon rance ke da amfani wuri ɗaya ne, kuma ƙarami ne. Idan mutum yana cikin ƙungiyar ma'aikata ta taimakon juna a wurin aikinsa, irin waɗanda ke ba da rance ba ruwa suna cirewa daga albashi, ko yana da ɗan'uwa mai hali da zai ranta masa don Allah, to ya karɓi daidai abin da zai kashe bashin da ke ƙaruwa. Magidancinmu ya karɓi 80,000, ya rufe manhaja, ya riƙa biyan 8,000 na wata goma. Ya rage 4,000 daga abin da yake zubarwa, kuma wannan karon bashin yana da ranar ƙarewa. Sai dai ya tuna irin waɗannan ƙungiyoyi na neman masu tsaya wa mutum, idan ya gaza albashin abokan aikinsa za a taɓa.

Hanyar sayar da kadara ita ce mutanenmu suka fi jin nauyinta, saboda ana ganin wanda ya sayar da fili ya karye. Ni ina ganin a nan ne ake yin kuskure ta fuska biyu. Wasu na ƙanƙame kadarar da ba ta kawo musu komai alhali ruwa na cin su, wasu kuma na gaggawar sayar da abin da ke ciyar da su saboda kawai shi ya fi saurin samun mai saye.

Babur ɗin magidancinmu za a iya sayar da shi a yini ɗaya. Amma ranar da ya sayar, kuɗin abin hawa zuwa ofis ya hau kansa, ɗan abin da yake samu da yamma ya tsaya. Haka keken ɗinkin tela, injin ban-ruwan mai noman rani a fadamar Kware ko Wurno, firjin mai ƙanƙara, shanun huɗa. Waɗannan su ne za su biya bashin, sayar da su sai an rasa kowace mafita. Filin kuwa ba ya kawo komai a wata, amma a shekarun nan na faɗuwar naira yana cikin 'yan abubuwan da ke riƙe daraja, kuma ba ya son gaggawa. Dillalai na gane mai matsuwa tun daga sallamarsa. Filin miliyan ɗaya da rabi, idan aka ce sai an sayar cikin mako, ba mamaki a tsaya miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, a cire la'ada. Ya biya 750,000, ya rage masa abin da bai kai 450,000 ba, kuma kuɗin da suka rage a hannun wanda aka san ya sayar da fili ba su cika kai wata uku ba. Ya yi asarar 300,000 a farashi don ya kashe matsalar da ainihinta 80,000 ce.

Ragunan fa? A ce ɗaya zai yi 150,000 a Kara. Ya sayar da shi, ya rufe manhaja da 80,000, ya sallami mai shago da 70,000. Nan take 15,000 ɗin da ke hannunsa ta zama tasa. Ya riƙa kai wa kawu ita duk wata, cikin wata goma ya biya 150,000. A daidai lokacin rancen banki ya ƙare, 35,000 ta dawo masa, ya koma yana da 50,000 a wata. Wata biyu ya kammala sauran 100,000. Shekara guda ya fita tas, filinsa na nan, babur na nan, rago ɗaya na nan, har ya rage kuɗin dusa da harawa. A misalin nan wannan ita ce hanyar da zan zaɓa ba tare da jinkiri ba.

Za a ce ai da ya jira gab da Babbar Salla ragon zai fi kuɗi. Gaskiya ne, kuma lissafin mai sauƙi ne. Jinkirin kowane wata yana cin 12,000 na manhaja, ga abincin ragon. Idan Salla saura wata ɗaya, a jira. Idan saura wata biyar, jiran zai ci 60,000 ban da kiwo, ƙarin farashin kuwa ba tabbas. Manomin albasa ma haka yake auna nasa: a lokacin cira tana araha, idan ta kai ƙarshen shekara takan yi tsada, amma wadda aka zuba a rudu tana raguwa da ruɓewa da ramewa. Wanda ba a bin sa bashi mai ruwa zai iya jira. Wanda ake bi yana caca ne da kuɗin da ba nasa ba. Masu ajiye hatsi sun ga haka a 2025, lokacin da farashin masara da shinkafa ya sauko maimakon ya hau kamar yadda aka saba, waɗanda suka saya da rance suka rasa ta cewa.

Akwai lokacin da sayar da filin shi ne daidai, kuma bai kamata kunya ta hana ba. Idan ruwan da ke hawa duk wata ya fi abin da ke saura a hannu bayan an ci abinci, kuma babu ƙaramar kadarar da za ta kashe shi, to jira ba ya ƙara komai sai nauyi. Haka idan aka lissafa aka ga ko an ɗaure ciki bashin ba zai ƙare cikin shekara biyu ba. A irin wannan hali a sayar, amma a ba cinikin wata biyu ko uku, a sa dillali fiye da ɗaya, a shirya takardu tun kafin a fara. Idan filin babba ne a yanka rabi. Kuɗin kuma su tafi kai-tsaye wurin masu bin bashi a ranar da aka karɓa. Game da rancen banki da ake cirewa daga albashi, a fara tambayar nawa za a biya idan za a rufe shi yau, domin wani lokaci ragin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

Abu biyu nake so in ja kunne a kansu a nan. Na farko sarƙar zinaren uwargida da kayan ɗakinta da awakinta. Zinare ya yi tsada matuƙa a 2024 da 2025, kuma ana sayar da shi cikin sa'a guda, shi ya sa idon maigida ke fara sauka a kansa. Dukiyarta ce, shari'a ba ta ba miji iko a kanta ba. Idan ta ba da da daɗin rai a matsayin kyauta, Allah ya saka mata. Idan rance ne, a rubuta nauyin zinaren da ingancinsa, a mayar mata da irinsa, domin kuɗin da aka sayar da shi bana ba za su sayo shi baɗi ba. Gonar gado da ba a raba ba ita ma ba ta mutum ɗaya ba ce. Na biyu jinginar gona, inda mai kuɗi ke nome ta yana kwashe amfanin har ranar da aka fanshe. Mai gonar ya rasa abin da zai biya da shi, bashin bai ragu ba, kuma malamai sun daɗe suna faɗin cewa rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne. Ba da hayar gonar na shekara biyu a karɓi kuɗin a biya bashi ya fi wannan tsabta. Ba-da-kaka ma, inda ake karɓar kuɗi ko taki da damina a biya da buhunan da suka ninka darajarsu, a sa shi cikin jerin basukan da ke ƙaruwa.

Hanya ta uku, biya a hankali daga abin da ke shigowa, ita ce mafi arha idan bashin yana tsaye, mafi tsada idan yana ƙaruwa. Da magidancinmu zai ce ba zai sayar da komai ba, ya riƙa tura wa manhaja 15,000 duk wata, ko da ta yarda da hakan, sai ya kwashe kusan shekara, ya biya sama da 170,000 a kan 80,000, mai shago da kawu kuwa ba su ga ko kwabo ba. Amma ga bashin mai shago, na ɗan'uwa, na abokin ciniki a kasuwa, babu hanyar da ta kai ta, da sharaɗin mutum ya kai kansa. Abin da ke ɓata tsakanin mai bashi da mai bin sa yawanci shiru ne da kashe waya da sauya hanya. Mutum ya je da ƙafarsa, ya tafi da wani abu a hannu ko da kaɗan ne, ya ce: "Kawu, ban manta ba. Ga abin da nika iyawa duk wata, kuma in Allah ya so wata kaza in kammala." Ya faɗi adadin da ya tabbata zai iya ko a wata mai wuya, domin alkawarin 15,000 da ake cikawa ya fi na 40,000 da za a saɓa a wata na biyu. A rubuta, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take magana, kuma ba ta ware na dangi ba.

Addini ya ba wanda ke cikin ƙunci haƙƙin a saurara masa har ya samu sauƙi, kamar yadda aya ta 280 ta faɗa. Ya kuma halatta a nemi ragi: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ka'abu ɗan Malik nuni da ya yafe rabin bashin da yake bin wani sahabi, ya umurci wancan ya tashi ya biya sauran. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun bambanta bashin da wa'adinsa ya cika da wanda bai cika ba. A na biyun ba su yarda a ce "rage mini in biya ka yanzu" ba. Wanda zai yi irin wannan sulhu ya tambayi malami tukuna. Akwai kuma hawala, wato ka haɗa mai bin ka da wanda kake bi idan ya amince, abin da 'yan kasuwa suka fi kowa buƙata.

Ga wani abu da ke damuna game da bashin dangi. Masu lissafi na cewa a bar shi ƙarshe tunda ba ya ƙaruwa, kuma ta fuskar aljihun mai biya haka ne. Amma a duba ta fuskar kawu. Naira 250,000 da ya bayar a farkon 2023 za ta sayi fetur sama da lita 1,200. A ƙarshen 2024 ba za ta sayi lita 250 ba. Wanda ya ranta don Allah shi ke ɗaukar asarar kowane wata na jinkiri, shiru, ba ya kira ba ya aiko da saƙo. Hadisi ingantacce ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Don haka da zarar an kashe mai ruwa, shi ne na gaba, kafin sabuwar shadda, kafin canza waya, kafin ragon layya. Idan hali ya samu aka ƙara masa wani abu a ranar kammalawa ba tare da an yi sharaɗin haka tun farko ba, wannan kyakkyawan biya ne da sunna ta yaba.

Adashi yana shiga nan a matsayin mataimaki. Wanda ya samu kwasar farko ya samu rance ba ruwa, sai ya kai ta kai-tsaye wurin mai bin sa. Wanda kwasarsa ke ƙarshe, yana zubi wata goma alhali manhaja na cin sa, ya juya abin. Ya roƙi uwar adashi ta matso da shi gaba, ko ya yi musaya da wani, ko ya haƙura sai zagaye na gaba. Mata masu sana'ar cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da fura da ɗinki, sukan shiga adashi uku ko huɗu a lokaci guda har su koma cin bashi don su yi zubi. Guda ɗaya da za a iya riƙewa ya wadatar.

Ɗan kasuwa lissafinsa ya ɗan bambanta da na mai albashi. Bashin kaya da yake karɓa daga uban ɗakinsa a Kano ko Legas shi ne jarinsa, idan ya ɓata wannan amanar shagon ne ya rufe. Waɗanda gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021 ta shafa sun san cewa sunan kirki a wurin masu ba da kaya shi ke tayar da wanda ya faɗi. Shi kam kadararsa ta farko da zai sayar ita ce kayan da suka kwanta a shago, ko da a kan uwar kuɗi ne, ta biyu kuma littafin waɗanda yake bi. Ya raba aljihun shago da na gida, ya yanka wa kansa abin cefane na kullum kada ya wuce shi.

Wanda kuma ba shi da rago, ba fili, ba albashi, kada ya ji kunyar neman zakka. Masu bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, matuƙar ba a saɓon Allah aka ci bashin ba, ko an tuba. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma akwai mawadata a kowace unguwa da ke neman inda zakkarsu za ta faɗa daidai. Limami ko mai unguwa na iya isar da maganar cikin rufin asiri. Abin da bai kamata matsuwa ta kai mutum gare shi ba shi ne masu alkawarin ninka kuɗi. MMM ta rufta da mutane a Disambar 2016, CBEX ta sake yin haka a Afrilun 2025, kuma a cikin waɗanda suka fi jin jiki akwai masu zuba kuɗin rance da fatan su biya wani rance.

Masu fama da barazanar manhajoji su san cewa aika wa mutanen da ke cikin wayar mutum saƙon cin mutunci ba ya cikin haƙƙin mai bin bashi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara tilasta wa waɗannan kamfanoni yin rajista tun 2022 kuma tana karɓar ƙorafi, Google ma ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotunan waya tun ƙarshen Mayun 2023. A adana saƙonnin a kai ƙara, a kuma biya abin da aka ci. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla, wurin wannan shari'ar kotu ne. Amma ba da cakin banki alhali an san babu kuɗi a asusu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, don haka kada a rubuta shi don a kwantar wa wani da hankali.

Duk bashin da aka kammala, a karɓi shaida. A wurin mai shago a tsaya a ga ya soke shafin a littafinsa. A wurin dangi a faɗa a gaban shaidun da aka yi da farko, a karɓi takardar. A banki ko manhaja a nemi wasiƙar da ke nuna ba a bin ka komai, a adana ta, bayan wata ɗaya ko biyu a duba rahoton kamfanonin tarihin bashi a tabbatar sun gyara sunan, domin dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara.